Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Ya ku 'ya'yana ɗaliban sakandare na Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, ku matso ku ji. Yawancinku kun haddace cewa ƙarfin jan ƙasa 9.8 ne. Amma da za a miƙa muku zare da ɗan dutse a ce ku fito da wannan lamba da hannunku, da yawa sai sosa ƙeya. Abin da ya sa ke nan nake so ku riƙa shiga gasar fiziks ta aikin hannu.

Babbar gasar fiziks ta ɗaliban duniya, wadda aka fara a birnin Warsaw a 1967, zama biyu ake yi mata, kowanne awa biyar: na takarda maki 30, na gwaji maki 20. A nan gida, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ce ke tace masu zuwa. Kusa da ku kuwa akwai kulob ɗin JETS a makarantu, ga kuma firaktikal na WAEC da NECO da ke jiran kowannenku.

Na san za ku ce babu kayan gwaji. Ɗana, samo zare mai tsawon mita ɗaya, ɗaura masa dutse, rataye shi, ka ɗan tura shi. Zuwa da dawowa zai ci kusan daƙiƙa biyu. Ƙirga lilo 20 da agogon waya, ka raba lokacin gida 20, ka rage tsawon zaren, ka sake. Kafin yamma ka cika jadawali.

Ke kuma 'yata, dubi cittar da ake shanyawa a ƙasar Jaba da Kachia. Samo akwati, shafa wa cikinsa baƙin fenti, rufe shi da gilashi, huda masa kafofin iska sama da ƙasa. Raba citta gida biyu daidai, rabi a akwati, rabi a tabarma. Auna nauyinsu safe da yamma, ki rubuta zafin kowanne. Wannan aiki zai shiga gasa, kuma manomi zai so jin sakamakonsa. Mutanen Nok ma da suka narka tama suka fitar da ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce, gwaji da lura ne suka koya musu yadda ake daidaita wuta da iska.

To, ga inda nasihata ta fi nauyi: kada ku yi ƙaryar awo. Idan lissafinka na ƙarfin jan ƙasa ya ba ka 9.3, rubuta 9.3. Kada ka goge lambobi ka gyara don su dace da na littafi. Zauna ka binciko dalili. Wataƙila ka auna zaren ne zuwa saman dutsen maimakon tsakiyarsa, ko kuwa ka yi kuskuren ƙirga lilon. Alƙalan gasa suna ba da maki a kan tsarin aiki, jadawali, zanen giraf da bayanin inda kuskure ya shigo, kuma lambobin da suka cika kyau su suka fi tona asirin mai su. Yaron da ya saba gyara awo yau, gobe shi za a ba awon rodin gada ko wayar wutar asibiti. Rayukan mutane ke nan a hannunsa.

Wajen zaɓen abokin aiki, ku duba natsuwar hannu da kaifin ido. Ko Bajju ne, ko Atyap, ko Ham, ko Bafulatani, ko Bahaushe, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya rubuta, sannan ku yi musanya. Ku kiyayi wutar NEPA, batir ya ishe ku gwaji. In kun sha kaye, ku tsaya ku tambayi waɗanda suka ci yadda suka yi.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya kwance matacciyar rediyo, a daina saurin ɗaukar bulala. A tambaye shi abin da ya gano.

Ranar Litinin ku sami malamin fiziks ku tambaye shi gasar da ke tafe, ku ba da sunayenku. Idan babu kulob a makarantarku, ku uku kun isa ku nemi izinin kafa shi. Allah ya yi muku albarka.