Zancen Ƙwallo A Wurin Makoki

Ran kwana uku da rasuwar ƙanena, cikin damanar 2021, muna zaune bisa tabarmi a ƙofar gidanmu a Nasarawar Burkullu ana karɓar gaisuwa, sai ga wani abokinsa ya zo ya durƙusa. Bayan an shafa fatiha ya yi shiru, can sai ya ce, "Allah ya ji ƙan mai gida. To yanzu wa za mu riƙa yi ma tsiya ran da anka ci Pillars?" Samarin da ke wurin suka yi murmushi, ni kuwa dariya ta kuɓuce mini, wadda ita ce ta farko tun ran da aka kawo mana gawarsa daga hanyar Anka, inda 'yan bindiga suka tare motarsu. Wani dattijon malami da ke gefe, wanda ya karantar da mu duka muna yara, ya ɗaga kai ya ce, "Haba samari! Mutum na kwance shina jiran addu'a, ku kuna zancen tamaula? Mi ƙwallo za ta yi mai cikin kabari?" Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri."

Tun daga ran nan tambayar malamin ba ta bar ni ba, ita ce kuma nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu. Shin ya dace a tuna da mamaci ta hanyar abin da yake wasa ne kawai? In kuwa bai dace ba, me ya sa duk ran da na ji an ce Kano Pillars ta ci wasa, mutum biyu ke faɗo mini a rai kafin kowa, watau mahaifina da ƙanena, har sai na yi musu addu'a?

Bari in fara da yadda kulob ɗin Kano ya shigo gidan Bazamfare, domin tsakaninmu da Kano tafiya ce ta yini, sai an bi Anka, a ratsa Gusau da Tsafe. Mahaifina ya tafi cin rani Kano yana saurayi, yana dako a kasuwar Sabon Gari. A lokacin babu Pillars. Raccah Rovers ce ke tashe, ita ce ta ci gasar ƙasa a 1978, a shekarar kuma ta kara da Fluminense ta ƙasar Barazil a Kaduna, har Pele ya buga wa baƙin. Baba bai je Kaduna ba, kuɗin motar ya fi ƙarfin ɗan dako, amma har ya bar duniya yana ba da labarin wasan kamar a gabansa aka yi. Ya komo gida da akwatin rediyo ɗaya, da bargo, da wannan ciwo. Da Raccah ta dusashe, aka haɗa wasu kulob uku na Kano aka kafa Pillars a 1990, sai ya kwashe sonsa kacokan ya mayar can, bai shawarci kowa ba.

A nan ne tambaya ta farko take. Mene ne ainihin abin da Baba yake so? Ba 'yan wasa ba ne, domin waɗanda ya gani da idonsa duk sun tsufa sun bari. Suna ya sake, riga ta sake, filin wasa ma ya tashi daga Sabon Gari ya koma Ƙofar Mata. A gidanmu akwai wani gatari da ake kira gatarin kaka. An sake masa ƙota ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ruwansa kuma maƙeri ya sauya shi tun ina yaro, amma ka ce ba gatarin kaka ba ne ka ga faɗa. Masana falsafar Girka sun yi irin wannan gardama a kan wani jirgin ruwa da aka sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya, har yau kuwa ba a rufe ta ba. Ni dai abin da na lura shi ne, gatarin nan na kaka ne saboda hannuwan da suka riƙe shi bi da bi, babu ranar da aka ajiye shi aka ce an daina. Kulob ma haka yake. Abin da ke ɗorewa a cikinsa shi ne jerin mutanen da suka zauna suka jira sakamako tare, wannan ya tashi wancan ya zauna a gurbinsa.

To, sai mu zo ga abin da ya fi ci mini rai, wanda nake jin duk Bahaushe zai gane shi. Ni ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In yana nemana sai ya ce, "Ina yaron ga?" In na shigo zaure ya kan sami abin da zai duba a wani gefe. Ba mu taɓa cin abinci a akushi ɗaya ba. Ran da na ci jarrabawar shiga jami'a, ta bakin kawuna na ji cewa ya yi murna. Wannan ita ce kunya, ba na kuwa cikin masu zaginta, domin na san a ƙarƙashinta akwai ƙauna mai nauyi wadda baki ya kasa ɗauka. Amma gaskiya ɗaci gare ta: yaro na iya girma a gida ɗaya da ubansa, su yi shekara ashirin ba su yi hira ta minti biyar ba.

Wuri ɗaya kaɗai wannan katanga take da ƙofa. Ran Lahadi da dare, in an kusa karanta labarin wasanni a Rediyon Kaduna ko sashen Hausa na BBC, Baba ya kan fito da rediyonsa ƙofar gida, ya lashi batir ya ji ko da saura, ya miƙa mini ba tare da ya dube ni ba, wai kunnena ya fi nasa kamo tasha. Ƙanena, da yake shi ba kunya tsakaninsu, ya kan haye jikinsa. In an faɗi sakamako sai Baba ya ce, "Wa yac ci?" alhali ya ji sarai. So yake in faɗa da bakina. Daga nan sai zance ya ɓarke: gola ya yi sakaci, alƙalin wasa ya ci kuɗi, mutanen Inugu ba a cin su a gida. A cikin minti goma sha biyar ɗin nan ni da shi abokai ne. Ana rufe rediyo sai kowa ya koma matsayinsa.

A 2009 Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin zakarun Afirka. Aka yi ɗaya da ɗaya a gida, kowa ya ce shi ke nan, an gama. Sai aka je Alƙahira aka yi biyu da biyu, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta fitar da ita. A daren da labarin Alƙahira ya iso, Baba ya miƙe tsaye, ya dafa kafaɗata, ya girgiza ni yana cewa, "Ka ji ko? Ka ji ko? Sai masu gida!" Iyakar sanina wannan ne karo ɗaya da hannunsa ya taɓa jikina tun da na yi wayo. Da ya farga sai ya janye, ya shiga gida yana gyaran murya. Ina tambayar mai karatu, in na tuna da daren nan, ƙwallo nake tunawa?

Ya ga kofin gasar ƙasa na 2008, da na 2012, 2013 da 2014 a jere. Ya kuma ga ranar baƙin ciki a 2015, lokacin da Nasarawa United ta Lafiya ta je har Kano ta ci Pillars, abin da ba a yi ba tun 2003. Mutanen garinmu suka same shi da tsiya, wai ga shi Nasarawa ta ci Kano, sai ya zaɓi ɗaya, ko garinsa ko kulob ɗinsa. Ya ce waccan Nasarawa ba ta da Burkullu, don haka ba ruwansa da ita. A shekarar da ta biyo ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Kofin Ƙalubale, wanda rabonsa da Kano tun 1953, shi ne ya yi ta jira bai gani ba. A 2018 Pillars ta ci Rangers uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe a Asaba, aka farke duka, aka cinye ta a bugun fanareti. Ƙanena ya ce gara da Baba bai ga wannan ba. A 2019 kuwa aka ci Niger Tornadoes a Kaduna aka ɗauki kofin. Ƙanena ya kira ni a waya, na ɗauka, muka yi shiru mu biyu, babu wanda ya iya cewa kome. Can ya ce, "Yaya, a yi mai sadaka." Washegari ya sayi ƙosai da waina ya raba wa almajirai.

Yanzu sai in koma ga malaminmu, domin ba daidai ba ne in yi shari'a in hana shi magana. Gaskiyarsa ita ce mamaci ba ya amfana da ihun filin wasa. Abin da aka karantar da mu shi ne aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa, sai sadaka mai gudana, da ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Pillars ba ta cikin ukun nan. Daɗin daɗawa, son kulob yana da nasa hauka. A 2022 an zabtare wa Pillars maki saboda rikicin 'yan kallo, a ƙarshen kakar kuma ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta komo. Wanda ya ga samari na jifan motar baƙi saboda fata mai iska a ciki, in ya ce abin nan shirme ne, ba za a ce ya yi ƙarya ba. Akwai kuma son kai a cikin irin tunawata, na yarda. Mai yiwuwa daɗin da nake ji nawa ne, su kuwa ba abin da ya kai musu.

Amma akwai inda nake ganin malam ya taƙaita. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar Nana Hadiza ya kan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa, don kawai uban mutumin abokin Sayyidina Umar ne. Ashe ke nan kula da abokan mamaci yana cikin biyayya gare shi. Ba na cewa kulob aboki ne, kada a ɗora mini fatawar da ban yi ba. Sai dai abokan Baba, tsofaffin 'yan cin rani da suka rage, da abokan ƙanena na gidan kallo, ban san wata igiya da ta ɗaure ni da su ba in ba wannan ba. Saboda ita nake zuwa gaishe su. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa sai da dalili take tashi.

Sa'an nan ita kanta addu'ar, me ke tayar da ita? Zuciya ba ta tuna mutum a dunƙule. Ba wanda ke tuna "mamaci". Ana tuna tarinsa da asuba, da yadda yake naɗa rawani, da abin da ke sa shi dariya. A wurin makoki kowa cewa ake yi mutumin kirki ne mai haƙuri, har ka rasa gane wa ake nufi, domin yabon ya zama riga ɗaya da ake sa wa kowa. Abokin nan da malam ya tsawata wa shi kaɗai ne a cikin kwana ukun ya ambaci ƙanena yadda yake, da rigarsa mai ruwan ɗorawa da kore, da gardamarsa a kan cewa Rabi'u Ali ya fi duk wani ɗan wasan Turai. Dariyar da na yi, bayanta ne na iya yin kuka, bayan kukan kuma na yi masa addu'ar da na san daga cikina ta fito. Mu mutanen yammacin Zamfara mun binne mutane da yawa a shekarun nan, tun daga yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 har zuwa na hanya da na gona, ana lissafa su da adadi a rediyo. Duk abin da zai fitar da mutum ɗaya daga cikin adadi ya mai da masa fuskarsa, ni ba na iya raina shi.

Ban koma na yi wa malam wannan bayani ba, ba na kuwa jin zan yi, domin ba a gardama da wanda ya koya maka alif. Da aka zo rabon kayan ƙanena, rigar Pillars ɗin ba wanda ya so ɗauka, sai mahaifiyarmu ta ba wani almajiri da ke yi mata ɗiban ruwa. Ta yi masa yawa, har gwiwa take kai masa. In na je gida hutu na kan hango shi da ita a bakin tasha, na kan kira shi in ba shi na goro, bai san dalili ba.

Rediyon Baba yana wurina, ko da yake yanzu a waya nake duba sakamako. Ina da ɗan fari, ni ma kuma ga shi bakina ya ƙi kama sunansa, duk da bokon da na yi. Shi Arsenal yake so, ya ce ƙwallon gida ba ta kalluwa. Ran Lahadin da ta wuce da dare na miƙa masa wayar na ce idona ba ya gani sosai, ya duba mini yadda aka tashi a Kano.