Adon da Ruwa Zai Wanke

Idan an gama kaka a ƙasar Daura, an kai gero da dawa rumbu, an roro wake, an cire gyaɗa, sai aikin gona ya tsaya cik har wajen watan Yuni. A Sandamu da ƙauyukan da ke kewaye da ita samari da yawa su kan ɗauki jaka su tafi cin rani Kano, ko Abuja, ko Legas. Waɗanda suka rage a gida kuwa, a lokacin ne a kan ga abin da ke hannun kowa. Wannan yana gindin itace yana ɗinkin hula, wancan yana saƙar tabarma da kaba, mata suna ɗinkin faifai, suna zanen ƙwarya. Da yawa domin kasuwa su ke yi. Amma akwai waɗansu da ba kasuwa ce ta sa su ba. Za ka ga malamin makaranta wanda ya bar aiki, ko ma'aikacin ofis, ko manomi mai rufin asiri, ya gaji tsohon zauren ubansa na ƙasa, ya ƙi rushe shi. Kowace shekara ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe, ya gyara zankwaye, sa'an nan ya yi kwana da kwanaki yana fid da dagi a bisa ƙofa. Ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa ko kwabo. Damina biyu ko uku kuma ruwa ya cinye zanen, sai ya sake.

To, 'yan'uwa, wannan mutum aikin kirki ya ke yi, ko kuwa ɓata lokaci? Kada mu ɗauka tambayar wasa ce, gama a kan wannan magana 'yan uwa ɗaya uba ɗaya su kan ɓata. Tsoho ya rasu ya bar gida. Wa ya ce a bar zauren a gyara shi, ƙane ya ce a rushe a yi shaguna na bulo a ba da haya, marayu su sami na abinci. Kowane ɗayansu yana ganin shi ne mai hankali.

Bari mu fara jin ta bakin ƙanen, domin maganarsa tana da nauyi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ginin ƙasa ba ya yarda a manta da shi. In ka yi sakaci shekara ɗaya ya tsage, in ka yi biyu ya fara zubewa. Kusan kowace damina, idan ruwan Agusta ya yi ƙarfi, mu kan ji labarin ɗaki ya faɗa wa masu barci, sau da yawa kuwa yara ne. Matar da ta kwana tana jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, ba ta bukatar wani ya zo ya koya mata kyan soro. Ran da mijinta ya sami halin bulo da kwanon rufi, ran nan ta yi barci. Ba mu ga laifinta ba ko kaɗan. Wanda kuma ya ke zaune cikin gidan siminti a birni, yana yabon ginin ƙasa ga mutanen ƙauye, ya kamata ya rage murya.

Duk da haka ba mu yarda a ce mai gyaran zaure ɓata lokaci ya ke yi ba. Dalilinmu yana cikin yadda a ke ginin kansa, don haka sai mu ɗan tsaya a kai.

Magini ba kowace ƙasa ya ke ɗauka ba. Ya san kududdufin da ƙasarsa ke da danƙo, ya san wadda yashi ya yi mata yawa, abin da kuwa ba shi da wuya a ƙasarmu ta arewa mai jigawa. A jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Bango ya kan fara da kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da ya ke hawa. Rufi kuwa da azara a ke yi, watau giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tsakanin ya wuce wajen ƙafa 6. Wannan rashi ne ya sa magina suka ƙago bakan gizo: su jera azara gajeru, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta, su ɗaure, su lulluɓe da ƙasa, har bakan ya haɗu a sama, ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Sa'an nan a sa indararo domin ruwan soro ya zuba nesa da gindin bango. Wanda ya taɓa shiga irin wannan zaure da tsakar rana a watan Afrilu, ya fito ya shiga ɗakin kwano, ba sai an gaya masa bambanci ba.

Yanzu fa, ina makarantar da aka koyi duk wannan? Babu allo, babu takarda. Makarantar ita ce gyaran nan na kowace shekara. Yaro ya fara da ɗebo ruwa. Baɗi ya shiga tattaka ƙasa. Bayan haka ya iya jefa wa magini tubali yana bisa bango, ya cafe. Wata rana a ce masa, "Hau ka shafe wancan gefen." Kafin ya yi gemu, hannunsa ya san laushin ƙasar da ta isa yaɓe, ko idonsa a rufe. Ashe abin nan da mu ke kira aibin ginin ƙasa, watau ruwa yana wanke shi, shi ne ya hana sanin ya mutu. Da zanen kakanninmu ba ya gogewa, da ba wanda ya koyi sake shi. Siminti ya hutar da mu daga wahalar shekara shekara, mun gode. Amma ya rufe makarantar kuma, ba da nufi ba. In gari ya yi shekara ashirin ba a yi yaɓe ba, tsofaffin magina sun kwanta dama, samari ba su taɓa riƙe tubali ba, shi ke nan an yanke igiya.

Mun ga misalin wannan a Zariya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na birnin da ƙasa da azara. Masana gini na duniya suna lissafta shi cikin mafi kyaun abin da aka gina da ƙasa a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Wani Bature masanin gini, Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo cikin Nijeriya yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su a takarda, har aka gina kwatancin masallacin a gidan tarihi na Jos. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Sai dai takarda awo ta ke riƙewa. Za ta gaya maka tsawon baka da kaurin bango, ba za ta gaya wa tafin hannunka ko ƙasa ta kwaɓu ba.

Ga wani misali kuma daga ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, mutanen gari suka sa wani magininsu, Falke Barmu, ya gina musu masallaci a 1962. Kowa ya kawo abin da ya iya, wani tubali, wani ruwa, wani itace. A 1975 ginin ya bukaci gyara. Maimakon ya toshe tsaga kawai ya tafi, sai ya sake rufin, ya ɗaga hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, aikin bai ƙare ba sai 1982. A 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan. Ba lambar ce ta sa muka kawo labarin ba, gama yawancin masu irin wannan aiki ba wanda zai san sunansu bayan ƙauye uku, aikinsu kuwa bai ragu da kome ba saboda haka. Abin lura shi ne, wurin gyara ne gwanintar ta fito. Da ginin farko bai lalace ba, da hasumiyoyin ba su tashi ba.

Watakila wani zai ce, "Mun ji zancen yaɓe, yana tsare bango. Amma dagi fa, da su zanen takobi da keke da agogo da a kan yi a fuskar gida, wane ruwa su ke tarewa?" Ba su tare kome. Amma mu dubi faifan da ke rufe da ƙwaryar fura a gidajenmu. Farin faifai zai kore ƙuda daidai da mai launi. Duk da haka uwargida ta rina kabarta ja da baƙi, ta ƙirga ɗinki, ta fid da zane, ba kuwa wanda ya taɓa ce mata ta ɓata lokaci. Mun sani a zuciyarmu mutum ba jaki ba ne, da za a ce in ya ƙoshi ya sami inuwa bukatarsa ta ƙare. Wanda aka ba shi ido mai ganin kyau da hannu mai iya fito da shi, in ya danne baiwar nan domin ba ta kawo naira, ya tauye kansa, ya tauye masu wucewa ta ƙofarsa kuma. Zanen fuskar gida mai gida ne ya fi kowa ƙarancin ganinsa, tun da ya ke yana ciki. Mai tallan nono da ɗan makaranta da baƙo su ke sha kallo, kyauta.

Amma fa akwai inda za mu juya wa mai zaure baya, mu koma wajen ƙanensa. Zaure yana kallon hanya, ɗakunan mata suna can ciki inda baƙo ba ya shiga. Mun san halin ɗan Adam. Yana yiwuwa mutum ya yi wata guda yana goge dagi domin a ce gidan wane ya fi na kowa, alhali indararon ɗakin matarsa ya karye tun bara, ruwa yana bin bango. Yana yiwuwa ya sayi farar ƙasa da shuni, an koro ɗansa daga makaranta saboda kuɗin littafi. Wannan ba son kyau ba ne, son yabo ne ya sa rigar son kyau. Magina na gaske ba haka su ke yi ba. Su kan fara da soro, su toshe tsaga, su gyara indararo, su ƙara ƙasa a gindin bango, tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ado shi ne na ƙarshe. In rani ya ƙare ba a kai gare shi ba, sai baɗi.

Haka kuma mai yin aikin shi kaɗai, yana korar yara kada su ɓata masa. A dā magina su kan riƙe asirin sana'a cikin zuriyarsu, a ƙarƙashin Sarkin Magina, wannan kuwa ya yi amfani sa'ad da kowane gida ke neman magini. Yau masu nema sun yi kaɗan, ɓoyo ya zama binnewa. Idan duk hujjarmu ta kare mai zaure ita ce gyaransa makaranta ne, to, makarantar da ba almajiri ba ta cancanci kariya ba. Gara dagin ya ɗan karkace domin hannun yaro ne ya ja shi.

Saura wata wahala da ko mai zaure ko ƙanensa ba su cika ambata ba. Ginin ƙasa ba shi tsaye da ƙafarsa shi kaɗai. Makubar da a ke shafa wa bango domin ruwa ya zame, daga kwasfar ɗorawa a ke samunta, watau bayan an cire garin da kalwar daddawa. Laso, wanda ya fi ta ƙarfi, a kan haɗa shi da katsi daga ramin rini, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Azara kuma sai giginya ta yi shekaru da yawa kafin a sare ta. Watau magini yana jingine da marini, da majemi, da wanda ya bar itace ya girma a gonarsa. Ko a Ƙofar Mata ta Kano, inda rini ya yi suna tun ƙarnuka, ramuka da yawa sun daina aiki. Mutumin Sandamu da ya ke so ya shafe soron ubansa da laso irin na dā, kafin ya nemi magini, sai ya fara tambaya inda marina mai aiki ta rage.