Alkawarin Arziki da Iyakar Yawan Halittu

Kowace irin halitta tana iya hayayyafa fiye da abin da muhallinta zai ɗauka. Idan abinci ya wadata, ba cuta, ba mai farautarta, adadinta yakan riƙa ninkuwa. A 1838 masanin lissafi ɗan Beljiyam, Pierre Verhulst, ya nuna cewa ƙaruwar tana raguwa idan cunkoso ya yi yawa, har ta tsaya daidai abin da wurin zai iya ciyarwa. Yunwa da annoba sun fi yin ɓarna inda aka cunkushe. Fari da tsananin sanyi kuwa ba ruwansu da yawa ko ƙaranci.

Ba kullum ake tsayawar cikin lumana ba. A 1944 dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka suka saki barewar ƙasar ƙanƙara 29 a tsibirin Saint Matthew da ke Tekun Bering. Ba kyarkeci, ba maharbi. Zuwa 1963 sun kai kusan 6,000, sun cinye tsiron nan mai kama da gansakuka da suke tonowa a ƙarƙashin ƙanƙara, wanda kan yi shekaru kafin ya sake tofowa. Sai hunturu mai tsanani ya zo. A 1966 masani David Klein ya tarar da 42 kacal, ƙasusuwan sauran barbaje a tsibirin.

Ga mai imani da cewa Allah ne ya lamunci arzikin kowace dabba, kamar yadda Suratu Hud ta tabbatar, a nan tambaya take: ina arzikin barewar da yunwa ta kashe? Malaman tauhidi na Ash'ariyya sun fassara arziki da abin da halitta ta amfana da shi a zahiri kafin ajalinta ya cika. Bisa wannan, lamunin na kowane rai ne iyakar kwanansa, bai ce adadi zai yi ta hauhawa ba iyaka ba, bai kuma soke sababi ba.

Thomas Malthus, wanda limamin coci ne, ya riga ya ɗora irin wannan lissafi na ƙaruwa da iyaka kan ɗan Adam tun a 1798. Ya yi gaskiya a kan iyaka, amma ya raina yadda mutum ke matsar da ita. Takin zamani da ingantaccen iri sun ciyar da duniyar da ta tashi daga mutum kusan biliyan ɗaya a zamaninsa zuwa biliyan takwas a 2022. Sai dai iyakar tana iya matsowa baya, domin ƙasar da aka gajiyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka kwashe ba sa dawowa a damina ɗaya.