Haƙarƙarin Jita: Aikin da Ido Ba Ya Gani

Ga wata tambaya da ta shafi kowane mai sana'a da kowane mai aikin albashi: idan mutum yana yin aikin da ba wanda zai duba, me ya wajaba a kansa? Da baki dukanmu za mu ce ya yi shi da kyau. Amma amsar baki tana da araha. Bari mu auna ta da misali, ko za ta tsaya.

A ce ga wani ma'aikaci a Sharada, ko Challawa, ko Bompai. Bompai ce babba a cikinsu, gama tun shekarun 1950 aka soma kafa masana'antu a can. Sharada da Challawa suka biyo baya. Wannan mutum yana tsaye gaban inji tun safe har yamma, aikinsa guda ɗaya ne, yana maimaita shi. Amma yana son aikin katako, ba don kuɗi ba. Ya yi kujera, ya yi akwati. Yanzu ya ƙudura zai yi jita ta fari da hannunsa, irin wadda ba a haɗa ta da lantarki. Ya je 'Yan Katako a Na'ibawa, ya zaɓo maɗaci domin baya da gefe da wuya, ya nemi katako marar nauyi mai miƙaƙƙen zare domin fuska.

Nan zai tarar jita ba kamar kujera ba ce. Kujera, in ka ji tsoro, sai ka ƙara mata kauri. Jita kuwa kauri yana kashe ta. Fuskarta ba ta wuce milimita 3 ba, gama dole ta yi rawa kamar fatar ganga kafin murya ta fito. Duk da haka tsirkiyoyin ƙarfe guda 6 suna jan ta da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, wato ya fi buhun siminti nauyi, dare da rana, shekara da shekaru. Me ke riƙe da ita? Waɗansu siraran sanduna ne da ake mannawa ta ciki, bari mu kira su haƙarƙari. In sun yi kauri, jita ta zama bebiya. In sun yi siranta, fuska ta kumbura, jakin da ke ɗauke da tsirkiya ya ɗago. Sai an zauna da kurfi ana fere su kaɗan kaɗan, ana ƙwanƙwasa katakon, ana saurare.

Manyan masu wannan sana'a a nan suka zuba hankalinsu. Antonio de Torres, mutumin Sifen, ya yi wata jita a 1862 wadda bayanta da gefenta na takarda mai kauri ne, fuskarta kaɗai ce ta katakon kirki, jitar kuwa ta yi murya. Tana ajiye a gidan kayan kiɗa na birnin Basalona. A Amurka kuma, gidan Martin ya shahara tun shekarun 1840 da gicciya haƙarƙari biyu a ƙarƙashin fuska, tsarin da yawancin jitoci masu tsirkiyar ƙarfe ke bi har yau. Ashe darajar jita tana wurin da za a rufe da gam, ba a ƙara ganinsa.

To, ga jarabar. Mutuminmu ya gaji. Wani haƙarƙari bai zauna daidai ba, akwai ɗan rata tsakaninsa da fuska. Zai iya ɓamɓare shi ya sake, aikin maraice biyu ke nan. Zai iya kuma cusa gam da garin katako a ratar, ya rufe, ya shafa wa waje mai har ya yi ƙyalli. Wa zai sani?

Amsa ta fari ita ce, katako zai sani. Wanda ya zauna a Kano ya san bambancin Agusta da Janairu. Da damina katako yana shan laima ya buɗe, da hunturu ya bushe ya tsuke. Fuskar da aka manna wa haƙarƙari cikin laimar damina za ta so tsukewa in hunturu ya zo, haƙarƙarin ya hana ta, sai ta tsage. Don haka mai hankali yakan jira rani kafin ya rufe cikin jitarsa. Haka kuma ƙarafan da ake jerawa a wuya: in tsawon tsirkiya milimita 650 ne, ƙarfe na 12 yana zama a tsakiya, wajen 325, na fari kuwa milimita 36 da rabi daga sama. Ka goce da milimita 1, kunnen yaro ma zai kama ka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne.

Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta isa ba. Gama idan dalilin yin aikin kirki shi ne tsoron tonon asiri kaɗai, to, duk ranar da mutum ya tabbata asirinsa ba zai tonu ba, ya sami izinin yin ha'inci ke nan. Akwai kuwa ha'incin da ba ya tonuwa da wuri. Ratar nan tana iya yin shekara 10 ba ta yi magana ba. Har ma mai gardama zai ce: “Ina ladan aikin kirki? Tun daga shekarun 1980 masaƙu da masana'antu da yawa a Bompai da Sharada suka rufe ƙofa, saboda ƙarancin wutar lantarki da kayan waje masu araha. An sallami mai gaskiya tare da mai algus rana ɗaya. Jita ma, ta kanti ta fi arha, ta kuma fi wadda sabon hannu zai yi kyan gani.” Kada mu yi saurin ƙaryata shi, domin abin da ya faɗa ya faru. Kasuwa ba kullum take biyan gaskiya ba.

Saboda haka sai mu nemi dalili mai zurfi. Ina ganin guda biyu.

Na fari, kowane aiki alkawari ne ga wanda zai yi amfani da shi. Wanda zai rungumi jitar nan, ko ɗan mai ita ne, ko wani saurayi mai koyon waƙa, ba zai iya buɗe cikinta ba. Ya dogara ga hannun da bai gani ba. Dukanmu haka muke zaune. Mai sayen takalmi bai ga yadda aka jeme fatar a Challawa ba. Mai shiga mota bai ga wanda ya ɗaure birki ba. Yaron da ke barci a ɗaki bai san yawan simintin da magini ya sa a bulo ba. Inda mai saye yake iya dubawa, ciniki ne. Inda ba ya iya dubawa, amana ce. Cin amana kuwa laifi ne tun ranar da aka yi shi, ko ginin ya faɗi ko bai faɗi ba.

Na biyu, mutum yana sassaƙa katako, katako kuma yana sassaƙa mutum. Hannun da ya cusa gam a rata yau ya koyi wani abu, gobe zai yi shi da sauƙi fiye da yau, a wurin aiki, a littafin lissafi, har a cikin magana. Hannun da ya ɓamɓare ya sake shi ma ya koyi nasa. Halin mutum ba a bainar jama'a ake gina shi ba. A irin maraicen nan ne, sa'ad da ba kowa sai shi da fitila.

A nan ne nake ganin amfanin irin wannan aiki na sha'awa, wanda waɗansu ke kira ɓata lokaci. A masana'anta mutum yana yin yanki ɗaya na abu, ba ya ganin ƙarshensa, don haka yana da sauƙi ya ce laifin na wani ne. Mai yin jita kuwa shi ya zaɓi katako, shi ya yanka, shi ya manna, shi zai ji muryar. Kakanninmu masu yin molo da garaya da gurmi sun san wannan, gama sau da yawa mai kaɗawa shi ne mai haɗawa. Amma a yi hattara: jitar da aka yi da kuɗin cefane, ko wadda ta hana uba zama da 'ya'yansa, ita ma tana da rata a cikinta.

Jita ta fari ba za ta zama cikakkiya ba. Gefe zai iya ƙonewa wurin lanƙwasawa a kan bututu mai zafi, wuya zai iya ɗan karkacewa. Wannan ba abin kunya ba ne, gama kuskuren mai koyo daban, ha'inci daban. Mai kuskure ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya nuna inda ya kasa. Mai ha'inci ya san daidai, ya zaɓi ya rufe.

Ya ɗan'uwa, ko kai kafinta ne, ko tela, ko malamin makaranta, ko mai tsaron inji, aikinka yana da haƙarƙarinsa. Ka san inda suke, ko da shugabanka bai sani ba. Kafin ka rufe aikin yau, ka sāke duba cikinsa, ka tambayi kanka: da mai shi yana tsaye a nan, haka zan bar shi?