Littafin da Aka Kulle a Roba: Mallaka Ce ko Amana?

A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na fitowar farko ta Action Comics a kan dala miliyan 6. Mujallar labarin zane ce, irin wadda ake kira komik, an buga ta a 1938 a kan takarda mai araha, kuɗinta santi 10, kuma a cikinta Superman ya fara bayyana. Samari biyun da suka ƙago shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka danƙa musu suka sallama haƙƙinsa ɗungurungum. Shi kuwa mai miliyan 6 ɗin, a kulle ya karɓi kayansa cikin akwatin roba garai-garai, yana ganin bango, ba ya taɓa shafi. Shari'a da dokar ƙasa duk sun yarda abin da mutum ya saya da kuɗinsa nasa ne. Abin tambaya shi ne ko mallakar abin da ya kusa ƙarewa a duniya daidai take da mallakar riga ko mota. Ni dai a ganina ba daidai suke ba: wanda ya riƙe irin wannan kwafi ya riƙe haƙƙin wasu tare da nasa.

A duba inda tsadar ta samo asali. Kwafi kusan 200,000 aka buga na waccan fitowa, yau kuma ana kiyasta waɗanda suka rage da kimanin ɗari. Sauran sun tafi: yara sun karanta sun yar, an kwashe wasu a gangamin tara tsofaffin takardu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye sun share ɗaki sun zubar. A 1948 har tara komik aka yi a bainar jama'a aka cinna musu wuta a garin Binghamton na jihar New York, bisa zargin suna lalata tarbiyya, zargin da likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya kai gaban kwamitin Majalisar Dattawa a 1954. Sai a kwatanta da fitowar farko ta X-Men ta 1991, wadda aka buga sama da miliyan 8, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran ta yi daraja. Har yau ba ta kai kuɗin kirki ba, tunda babu wanda ya yar da tasa. Ashe farashin ba gwanintar mai zane yake aunawa ba, yawan abin da ya salwanta yake aunawa. Mai kwafin bai ƙirƙiri darajar da ke hannunsa ba, asarar dubban mutane ce ta taru a kansa. Wannan kaɗai ya isa ya sa a kira shi mai ajiya kafin a kira shi mai kaya.

Lamarin ya fi fitowa fili a bugun ƙasashen waje, waɗanda masu tarawa ke farauta yanzu. A 1964 aka fara buga Superman da Larabci a Bairut. Clark Kent, sunan da Superman ke ɓuya da shi, ya koma Nabil Fauzi, abokiyar aikinsa Lois Lane ta koma Randa, kuma da yake Larabci daga dama ake karanta shi, sai aka juya zanen, harafin da ke ƙirjin jarumin ya fito a baibai. Kwafin Amurka ba zai taɓa gaya maka wannan ba. Haka littafin Tintin a Kwango na Hergé: a bugun 1931 an zana Tintin yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, amma da aka sake zana littafin da launi a 1946 sai darasin ya koma na lissafi. Wanda sabon bugu kawai ya gani ba zai san abin da aka goge ba. Najeriya ma tana cikin labarin, domin a 1975 aka soma buga Powerman don kasuwarta, Dave Gibbons da Brian Bolland suna zanawa daga Ingila, aka kuma sa wa kowane gidan zane lamba saboda ana ganin mai karatu ba zai gane jerin ba. Waɗannan 'yan lambobin shaida ce ta yadda aka ɗauki ɗan Afirka mai karatu a lokacin. Tsohon bugu ke nan: mai ba da shaida ne, ɓoye shaida kuma kowa ya san matsayinsa a addini.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne a kan wasan yara, kuma zuba dukiya a kan tsohuwar takarda almubazzaranci ne ƙarara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman ga wanda ke tarawa don a ce ya fi wane, irin gasar tara abin duniya da Suratut Takasur ta yi gargaɗi a kai. Wanda kuma ya saya da niyyar sayarwa, kayan kasuwanci ya ajiye, hukuncin zakka na kansa ko da ya kira abin sha'awa. Amma ba za a yi wa kowa kuɗin goro ba. A shekarun da manyan ɗakunan karatu ke raina komik, ɗaiɗaikun mutane ne suka tsare su. Edgar Church, wani mai zanen tallace-tallace a Denver, ya shafe shekaru yana saye yana jerawa a gidansa, busasshiyar iskar garin ta kiyaye masa su, har aka gano dubban kwafi kamar sababbi a 1977. Abin da wani zamani ya kira shara, na bayansa ya neme shi ido rufe.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu akwatin roba. Tun 2000 kamfanin CGC na Florida ke duba kwafi, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe. Suna cewa takardar mai saurin rubewa ce, kowane buɗewa na rage mata kwana, labarin kuma an sake buga shi sau da yawa, don haka ba a hana kowa komai ba. Game da Action Comics na yarda. Amma wa ya sake buga fitowar Bairut shafi bayan shafi, da wasiƙun masu karatu da tallace-tallacenta? Ina wanda ya sake buga African Film, mujallar hotuna ta labarin jarumi Lance Spearman da matasan Legas da Nairobi suka yi rububinta a ƙarshen shekarun 1960? A nan rufe kwafi ɗaya na iya zama rufe ƙofar baki ɗaya. Ga kuma wani abin takaici a tsarin makin kansa: kwafin da yaro ya rubuta sunansa a bango, ya naɗe ya cusa a aljihu, shi ne makinsa ke faɗuwa, wanda ba a taɓa karantawa ba shi ne sarki. Wato kasuwa ta fi girmama littafin da bai yi aikin da aka buga shi dominsa ba.

Musulunci ya daɗe da samar da mafita ga irin wannan, wato waƙafi: a tsare asalin abu, a saki amfaninsa ga jama'a. Haka littattafan malamai suka riƙa zama a masallatai da makarantu ƙarni bayan ƙarni. Ba sai mai tarawa ya rabu da kayansa ba, ko da yake wani mai tarawa, Stephen Geppi, ya yi hakan a 2018, ya miƙa abubuwa sama da 3,000 ga ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Mafi ƙarancin abin da ke kan mai tarawa shi ne ya ɗauki hoton kowane shafi kafin ya rufe, ya sanar cewa kwafin yana nan, ya bar mai bincike ya gani. Mai tsohon Powerman ko African Film a ƙasan adaka, ya fito da shi a ɗauki hotonsa tun gara ba ta riga kowa ba.