ƊANYEN YUMƁU DA BUSASSHE

Karatu: Farawa 21:14-19, I Sarakuna 19:1-18

Ku dubi maginan tukwane na Dawakin Tofa. Muddin yumɓu yana da laima, magini ya kan juya shi yadda ya ga dama, ko tulu, ko kasko, ko randa. Amma in ya bushe, da ka lanƙwasa shi sai ya karye. Haka nan hankalin ɗan Adam ya ke. Ran da zuciya ta ke sake, mu kan ga hanya biyar. Ran da ta ɓaci, ba mu ganin ko ɗaya sai wadda muka kafe a kai.

Ku tuna da Hajaratu cikin jejin Biyer-sheba. Ruwan salka ya ƙare, ta kwantar da yaron, ta koma nesa tana kuka don kada ta ga mutuwarsa. Da Allah ya buɗe idanunta, sai ga rijiya. Litafi bai ce an haƙa sabuwa ba. Baƙin ciki ne ya rufe mata ido.

Ga kuma annabi Iliya. Bayan nasara a bisa Dutsen Karmel, saƙo ɗaya na Yezebel ya kore shi zuwa jeji, har ya roƙi mutuwa. A ganinsa shi kaɗai ya rage, alhali kuwa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai fara da tsautawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi har sau biyu, sa'an nan ya yi masa magana a Horeb, ya ba shi sabon aiki.

Masana ma sun gwada wannan. A 1987, a Amurka, Alice Isen da abokan aikinta suka ba mutane kyandir da ashana da kwalin ƙananan ƙusoshi, aka ce su kafa kyandir ɗin jikin bango. Dabarar ita ce a juye ƙusoshin, a kafa kwalin, a ɗora kyandir a kai. Waɗanda aka fara nuna wa majigin ban dariya sun fi sauran gane ta nesa ba kusa ba.

Iyayenmu sun san muhimmancin juyawa. Fari ya zo a 1973, a 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa a ƙasar Kano. Manoma da yawa suka koma ga wake da sauran amfani, ga shi yau kasuwar Dawanau cike da wake da riɗi da zoɓorodo. Da sun kafe a kan gyaɗa kaɗai, ina za mu kasance?

Ba mu ce baƙin ciki zunubi ne ba, gama Ubangijinmu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Abin da mu ke cewa shi ne, kada mu yanke magana mai nauyi da busasshiyar zuciya. Ɗan'uwa, in ruwa ya ɗauke bayan shuka, in hatsi ya ƙare cikin rumbu, kada ka sayar da gonar gado ran nan. Kada ka kori matarka cikin fushi, kada ka bar ikilisiya saboda kalma ɗaya. Ka ci abinci, ka kwana, ka yi addu'a. Da safe ka nemi dattijo wanda hankalinsa ke kwance, gama mai yiwuwa ne shi ya hangi rijiyar da kai ba ka gani ba.

Mu kuwa da mu ke ziyartar masu ɓacin rai, mu bi gurbin Ubangiji: fura da ruwa tukuna, shawara daga baya.

Allah Maginimmu shi jiƙa zukatanmu da Ruhunsa, domin mu juyu cikin hannunsa ba tare da karyewa ba. Amin.