Wa Ke Da Alhakin Majinyacin Da Ya Tarar Da Asibiti Ba Ma'aikaci?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ta shafi kowane gida, wadda ya kamata a dube ta da idon shari'a. Idan Gwamnati ta gina asibiti, ta ɗauki ma'aikata, ta rubuta sunayensu cikin takardar albashi, sa'an nan aka kawo maras lafiya da tsakar dare aka tarar ba likita, ba ungozoma, ko kuwa ga su nan amma ba magani ba kayan aiki, har rai ya salwanta, to wa Allah zai tambaya? Shin shugaba ya sauke nauyi tun ranar da ya buɗe ginin ya naɗa ma'aikata, ko kuwa da sauran abin da ke wuyansa?

Domin maganar ta fito fili, a ɗauki mutumin Tudun Wada, cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa a birnin Kano. Unguwa ce mai cunkoson jama'a, maƙwabciyar Gwagwarwa da Gama da masana'antun Bompai. Idan ciwo ya kama ɗansa, akwai hukumomi uku da ke da hannu cikin jinyarsa. Ƙaramin asibitin unguwa, inda ake awon ciki da allurar rigakafi, aikin Ƙaramar Hukuma ne tare da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha. In abin ya fi ƙarfin nan, sai a wuce Asibitin Nassarawa, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Abdullahi Wase, ko na Sir Muhammadu Sanusi a Yankaba, ko Asibitin Murtala a cikin birni, waɗanda duk na Gwamnatin Jiha ne. In kuma ya ƙara tsanani, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi kuwa na Gwamnatin Tarayya ne. Wannan rabon aiki tsari ne mai kyau. Aibinsa ɗaya: yakan buɗe ƙofar tura wa juna laifi, kowa ya ce ba daga wurinsa matsalar take ba, majinyaci kuwa yana kwance.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne hukuncin aikin likita kansa. Malamai sun sa shi cikin farillan kifaya, wato wajibin da in wasu suka yi ya faɗi daga kan saura, in kuwa aka rasa mai yi, duk masu iko su yi sun shiga zunubi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo ilmin likita a matsayin misalin wannan farilla cikin Ihya'u Ulumiddini, har ya zargi mutanen zamaninsa da yin tururuwa wajen zurfafa cikin rassan fiƙihu alhali garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi. Sai dai a lura da kalmar nan kifaya, domin ma'anarta isa. Farillar ba ta faɗuwa don an sami wani ya ɗan taɓa, sai an yi gwargwadon abin da ya ishi jama'a. Unguwar da ke da dubban mata masu haihuwa, in ungozoma ɗaya ce ke karɓarsu dare da rana, ba a kai ga isa ba. Gini mai fenti da allon suna a ƙofa bai sauke wajibi ba, matuƙar babu mai duba wanda ya shigo.

To wa ke da ikon kaiwa ga wannan isa? Talaka ba ya iya horar da likita, ba ya iya biyansa albashi, ba ya iya tura shi ƙauye. Dukiyar jama'a da ikon naɗi suna hannun hukuma, saboda haka mafi girman rabon wannan farilla yana wuyanta. Alƙur'ani, cikin Suratun Nisa'i aya ta 58, ya yi umurni da mayar da amana ga masu ita, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce shugabanni ne farkon waɗanda ayar ta fuskanta. Hadisin Buhari da Muslim ya kamanta kowane mai iko da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Yanzu sai a komo kan ainihin tambayar: ko naɗi kaɗai ya isa? An ruwaito cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taɓa tambayar mutanensa ko ya sauke abin da ke kansa idan ya zaɓi mafi kirkin wanda ya sani ya ba shi muƙami, ya kuma hore shi da adalci. Suka amsa masa da cewa ya sauke. Shi kuwa ya ƙi yarda, ya nuna musu cewa da sauran aiki, sai ya bi sawu ya ga ko mutumin ya aikata abin da aka umurce shi ko bai aikata ba. A nan hukuncin yake. Wakilci yana raba aiki tsakanin mutane, amma alhakin yana nan a wuyan wanda ya wakilta har sai ya duba. Ba Umaru kaɗai ya tafi a kan haka ba. A nan Kano ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a farkon ƙarni na 19, bisa roƙon mutanen gari, don ya koya wa masu mulki hukunce-hukuncen da ke kansu da kan waɗanda suke naɗawa.

Tarihin Musulunci ya nuna an yi aiki da wannan ƙa'ida a kan likitoci musamman. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931 Miladiyya, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir bai ce ai kwana ne ya ƙare ba. Ya hana kowa yin aikin likita sai wanda babban likitansa Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi izini, aka kuwa jarraba mutum fiye da 800. Littattafan hisba kuma sun sa bincikar likitoci da masu haɗa magunguna cikin aikin muhtasibi. Tushen wannan shi ne hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya ɗora biyan diyya a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilmin haka ba.

Kano kuwa ta ɗanɗana abin da rashin sa ido ke jawowa. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kashe dubban mutane, Asibitin Zana ya cika har ma'aikata suka rasa yadda za su yi. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan, inda aka sa yara wajen 200 cikin gwajin. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, bai kuma amsa laifi ba, amma kwamitin binciken da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya gano cewa an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Abin lura shi ne a asibitin Gwamnati aka yi wannan, a kan 'ya'yan talakawan da suka kawo su bisa amana. Kuma ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, har zuwa tsakiyar 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta yaɗu, yara suka shanye, sai a 2020 aka tabbatar ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙare a Afirka. Amana idan ta karye a ofis, a ƙafar yaro ake ganin tabonta.

Wani zai ce ai rai da ajali na Allah ne, likita ba ya ƙara wa kowa kwana. Wannan gaskiya ne, amma ba ya wanke mai sakaci. Lokacin annobar Amwasa, Umaru ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, sai ya bayyana masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Ajali yana hannun Allah, amma tambayar da za a yi wa ma'aikaci ita ce ina yake a lokacin aikinsa, tambayar da za a yi wa shugabansa kuwa ita ce ko ya sani, in kuma bai sani ba me ya hana shi sani.

Wani kuma zai ce kuɗin ne ba su isa ba. Wannan uzuri ne da shari'a ke saurara, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai mai kawo shi sai ya nuna inda abin da ke akwai ya tafi. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don kiwon lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya a matakin farko. Alkawari kaya ne. Bayan haka ma, akwai ayyukan da ba kuɗi suke ci ba. Sanin ko sunan da ke cikin takardar albashi na mai rai ne da ke zuwa aiki, da hana ma'aikata taruwa a asibitocin birni ta hanyar alfarma su bar ƙauye wayam, da ƙidaya maganin da ya shiga sito da wanda ya fita, duk waɗannan ido suke bukata da gaskiya.

Sa ido kuma fuska biyu gare shi, kada a mai da shi bulalar dukan ƙananan ma'aikata. Wanda zai binciki malamar asibiti don ta makara, sai ya fara bincikar kansa: ya biya ta haƙƙinta a kan lokaci? Ya ba ta safar hannu da ruwa da haske? Ya bar ta ita kaɗai da aikin mutum biyar? Likitocin da ƙasa ta kashe kuɗi ta horar suna tafiya Ingila da Saudiyya, kuma hukumar da ba ta tambayi dalili ba ta gaza wani sashe na binciken da ke kanta. Shi ma ma'aikaci da nasa kason. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi albashin Gwamnati ya tafi asibitinsa na kuɗi a lokacin aiki, ko ya karkatar da maganin da aka kawo kyauta zuwa kanti, ya sani haram yake kai wa iyalinsa, ko da babu wanda ya kama shi.

Jama'a su ma ba a bar su ba hannu rabbana. Mai unguwa da liman da dattawan Tudun Wada, da na kowace unguwa, suna da haƙƙin su san ma'aikata nawa aka turo musu, su yaba wa mai ƙwazo, su kai kukan abin da ya gaza ga hukuma cikin ladabi da hujja. Wannan yana cikin nasiha ga shugabanni wadda addini ya yi umurni da ita.

Amsar mas'alar ke nan. Alhakin majinyacin nan ya rabu gwargwadon iko: ma'aikacin da ya bar wurin aikinsa yana da kasonsa, wanda aka sa ya duba shi bai duba ba yana da nasa, mafi nauyi kuwa yana kan wanda ikon naɗi da dukiya ke hannunsa, domin rashin sani ba ya zama uzuri ga wanda aka ɗora wa aikin sani. Shugaban da yake son ya kuɓuta, kada ya dogara ga rahoton da aka kawo masa ofis. Ya shiga ƙaramin asibitin unguwa da dare ba tare da sanarwa ba, domin gani ya kori ji.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa ma'aikatan da ke kwana a kansu da alheri, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Amin.